Yadda Muka Zaɓi Maciji, Ni da Yaya Nomau

A gidanmu na Rafin Kanya mu huɗu ne: Inna, da yayana Nomau, da matarsa Talle, sai ni Hashimu, autan gida kuma mai ilimin gida, in ji ni. Shekara uku ke nan da rasuwar Baba. Abin da ya bar mana gona ce, da tsohon sungumin da yake saran shuka da shi, da wani ƙaramin rumbun ƙasa a bayan ɗakin Inna inda ake ajiye irin gero. Wannan gero ba a samun irinsa a kasuwa. Gajere ne mai saurin nuna, ko damina ta ɗauke da wuri sai ya kai. Wurin kakanmu Baba ya gaje shi, kuma ya bar doka guda a kansa: ba a buɗe rumbun iri sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Inna tana riƙe da wannan doka da hannu biyu.

Yaya Nomau kuwa duk gari wawa ake ce masa, ni ma na faɗa da bakina ba sau ɗaya ba. Ba ya ƙarya, ba ya gardama, ba ya tsoron komai sai abin da aka ce masa ya ji tsoro. Aibinsa ɗaya ne: yadda ka ba shi magana haka zai riƙe ta, ba ya ƙara mata gishiri, ba ya rage mata komai. Akwai ranar da Talle ta ce ya raka gwaggonta da ta zo ziyara. Kowa ya san rakiya iyakarta bakin hanya. Shi sai da ya kai tsohuwar nan har garinsu, ya kwana, ya dawo washegari yana cewa ai ba a ce masa ya tsaya a ina ba. Da yake shi ne ɗan fari, Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Sai dai ta ce da ni, "Gaya wa wancan ya ɗebo ruwa." Ta haka na saba ba yayana umarni tun ina ƙarami, har na ɗauka ni ne babba.

A shekarar da nake ba da labari, ɓeraye suka samu hanya cikin rumbun iri. Kullum da safe Inna za ta share ƙaiƙayi da kashin ɓera a ƙarƙashinsa, ta tsaya tana kallon sharar kamar mai duba mara lafiya. Ta ce da ni, "Kai ka yi boko, kai ka zauna birni. Ka yi mini maganinsu kafin su cinye abin da ubanku ya bari." Na ce ta kwantar da hankalinta, aikin kwana biyu ne. Na liƙe ramin da suka yi da laka, suka fasa. Na zuba maganin ɓera, kajin Inna suka cinye suka mutu, guda ɗaya ta rage. Na aro kyanwa, ta ga girman ɓerayen ta koma gidansu da ƙafarta. Na ce a kwashe irin a zuba a duro, Inna ta ce sai dai bayan ranta. Daga nan, maimakon in ƙara tunani, sai hankalina ya tafi wani wuri. Na gani a wayata cewa a wasu ƙasashe mutane na kiwon maciji a gida kamar yadda muke kiwon tantabara. A teburin mai shayi, gaban mutum ya fi goma, na buga ƙirji na ce ni zan zama na farko a Rafin Kanya. Ni da ko tsaka ta faɗo mini a kafaɗa sai na yi salati.

Wata rana na kira Yaya Nomau, na gyara tabarau, na karanta masa daga waya cewa mai farawa ba ya farawa da babba.

"Yaya, ka nemo mini maciji ƙarami. Mafi ƙanƙanta da za ka samu."

"To."

Kwana biyu yana tonon ƙasa a bakin rafi. A rana ta uku ya same ni a teburin mai shayi, ya miƙo mini kwalin ashana. Jama'a suka ja da baya, ni ma na ja, amma da salo, kamar mai ba su wuri su gani. Da na ga kwalin bai yi motsi ba na yi ƙarfin hali na buɗe. Wani ɗan baƙin abu ne a ciki, siririn da bai fi zaren ɗinki ba, ko ido ba a gani. Maharbi Tunau, tsohon mafaraucin garinmu, ya leƙa ya ce lalle maciji ne, irin mai zama cikin ƙasa, kuma a duk duniya ba za a samu wanda ya fi shi ƙanƙanta ba. Na zazzage shi a ƙasa don kowa ya shaida. Ashe kazar Inna, wadda ta tsira daga maganina, ta biyo Yaya tun daga gida. Tsattsaga ɗaya ta yi masa. Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara, ya ce kazar ma ta rama wa 'yan'uwanta.

Wata rana na sake kiransa. Na ce girma ba shi ne abin dubawa ba, hali ne.

"Wannan karon mai natsuwa nake so. Wanda ko an taɓa shi ba ya zabura, ba ya gudu."

"Ko an taɓa shi?"

"Ko an taɓa shi."

Yaya ya ɗauki dogon kara ya shiga daji. Daga baya ya ba ni labari dalla-dalla: ya zunguri damatsiri ya gudu, ya zunguri kumurci ya fasa kai, ya zunguri kububuwa ta yi ta ƙugi tana murɗe jiki, duk ya bar su don ba su cika sharaɗi ba. Sai a gindin wata ƙirya ya samu wata gajeriya mai kauri a kwance cikin ganye. Ya zungure ta sau uku, ko gezau. Ya tura ta cikin buhu da karan, ya saɓo a kafaɗa har tsakar gidanmu. Ni kuma na riga na gayyato mutane. Ya kwance bakin buhu ya juye. Maharbi Tunau ne ya fara magana, da wata irin murya ƙasa-ƙasa da ban taɓa jin ya yi ba.

"Kowa ya tsaya inda yake. Kasa ce."

Yaya Nomau ya tsaya inda yake, taku ɗaya daga bakinta. Ni kuwa ban san yadda aka yi ba, sai ganina na yi a kan katanga, takalmi ɗaya a ƙafa. Tunau ya danne kanta da sanda mai baki biyu ya fita da ita. Da ya dawo bai kalli Yaya ba, ni ya kalla. Ya ce kasa ba ta gudu don ba ta da abin tsoro, kuma wanda ta sara sai dai a yi ta addu'a. Ya ce, "Mutumin nan ya saɓo ajalinsa a kafaɗa tun daga daji don kai ka yi suna a wurin mai shayi." Ranar na ji kunya sosai, kuma na ji tsoro, don na ga saura ƙiris in mai da Talle bazawara. Da mai hankali ne, da a nan ya tsaya. Ni cewa na yi matsalar rashin ƙwararre ce.

Wata rana, ranar kasuwar Tudun Gawo, na ce masa ya je wurin Gardi Jatau, mai wasa da macizai a bakin kasuwa, ya tambaye shi wane maciji ya dace da mai farawa. Da yake na fara sanin halin mutumina, na ja masa kunne.

"Kada ka taɓa komai, kada ka ɗauko komai. Ka saurara kawai. Duk abin da ya faɗa ka kawo mini, kada ka rage ko kalma ɗaya."

Da la'asar ya dawo, ya same ni a teburin mai shayi. Ya tsaya ya haɗa hannuwa a baya kamar mai hadda, ya fara. Ya kawo mini gaisuwar da gardi ya yi da mai goro. Ya kawo kirarin da ya yi wa kumurcinsa, da muryar gardin da komai. Ya kawo zagin da ya yi wa jakin wani da ya taka masa kwando. Na yi ta ɗaga masa hannu ya tsallake, ya ce ai na ce kada ya rage. Sannan ya iso kan maganarmu.

"Ya ce mai farawa ba ya taɓa mai dafi, ko da an ce an cire haƙori, don haƙori yana sake fitowa. Ya ce ba ya ɗaukar mesa babba, don tana girma ta fi ƙarfin mai ita. Ya ce akwai wata 'yar mesa da ba ta wuce tsawon hannu biyu, ba ta da dafi, ba ta faɗa. Ya ce ina mai son kiwon? Na ce ƙanena ne, yana gida. Ya ce, to ƙanen nan naka matsoraci ne, baki gare shi kawai, in ya isa ya zo da ƙafarsa. Sannan ya tofar da goro, ya ce a ba shi ruwa."

Teburin gaba ɗaya aka fashe da dariya. Har yau akwai masu gaishe ni da "a ba shi ruwa."

Wata rana, wato kasuwa ta gaba, na tafi da ƙafata, Yaya na biye. Gardi Jatau baƙin dattijo ne siriri, hannuwansa duk tabo. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya jawo wani ƙaramin kwando ya sa hannu ya fito da ita. Kyakkyawa ce, ba zan ɓoye ba, baƙi da ruwan zuma a jikinta kamar zanen ƙwarya. Tana jin hayaniyar kasuwa sai ta dunƙule kamar gammo, ta cusa kanta a tsakiya.

"Ka gani?" in ji gardi. "Iyakar faɗanta ke nan. In ta ji tsoro ɓoye kai take yi. Za ku shirya da ita, halinku ɗaya. Miƙo hannu."

Na ce masa ina fama da mura, kada in shafa mata. Ya miƙa wa Yaya Nomau. Yaya ya karɓe ta da tafuka biyu kamar an ba shi jariri, ya tsaya bai motsa ba, don an ce ya riƙe ne kawai. Can sai ta warware a hankali, ta zaro kai, ta naɗe masa wuyan hannu. Gardi ya daɗe yana kallonsu. Daga nan ya daina yi mini bayani, ya juya wurin Yaya. Ya ce abu huɗu take so: wuri mai ɗumi, mai duhu, inda ba a damunta, kuma abinci ba ya yanke mata. Abincinta ɓera, ruwanta a kasko. Na tambayi abin da zan ba shi, ya ce tabarau ɗin nan nawa ya ishe shi. Na dawo gida rana na dukan idona, Yaya na baya da kwando, ni ina gaba da tazarar da ta fi ta mutunci.

Wata rana na ce lokacin ciyarwa ya yi. Na duba waya, ta ce ba kowane ɓera ake ba ta ba, sai mai tsabta.

"Yaya, ka samo mata ɓera. Amma mai tsabta."

"Ga su can a rumbu da yawa."

"Waɗancan ɓerayen gida ne, ƙazamai. Kai ba ka san komai ba. Ka yi abin da na ce."

Ku lura da kyau, da bakinsa ya faɗa, ni kuma da bakina na ce bai san komai ba. Ya tafi gonar maƙwabci ya kamo wani ƙato da rai. Ina zaune a zaure sai na ji Talle na ihu tana cewa sabulunta na wanka. Na leƙo na tarar da Yaya a durƙushe gaban bokiti, ya riƙe ɓera ta wuya yana cuɗa shi da soso, har bayan kunne. Kumfa ta sa ɓeran ya yi santsi, ya suɓuce, ya ratsa tsakar gida yana ƙamshi, ya haye dutsen rumbu ya shige ramin nan da na liƙe sau uku. Inna tana tsaye da tsintsiya, ta ga komai. Ta ce da ni, "Sannu da aiki. Na ce ka rage mini su, ka ƙaro mini wankakke."

Wata rana na samo akwatin katako wurin kafinta don 'yar mesar ta bar kwando. Na ce wa Yaya ya huhhuda shi sosai don iska ta riƙa shiga ta ko'ina. Ya huda shi sosai. Ramin da ya fi ƙanƙanta, ɗan jariri zai zura hannu. Ban duba ba, don ni ba na matsawa kusa da akwatin, daga bakin ƙofa nake kiwona. Da azahar na idar da alwala na shiga ɗaki na miƙa hannu zan ɗauki hulata a kan tabarma, na ji hular ta yi nauyi, kuma da sanyi. Ihun da na yi har masu tallar fura a waje sai da suka shigo. Aka tarar da mu biyu a ɗaki ɗaya, ita ta dunƙule cikin hula ta ɓoye kai, ni na dunƙule a lungu na ɓoye nawa. Gardi ya yi gaskiya.

Ranar Inna ta yanke hukunci. Ta ce ta haƙura da kaji, ta haƙura da wankakken ɓera, amma ba za ta zauna tana dube-dube a tsakar gidanta ba. Kada ta ƙara ganin abin nan da idonta. A cikin raina na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Amma in aka ji a teburin mai shayi cewa uwata ta raba ni da macijina, na shiga uku. Sai na ja Yaya Nomau bayan gida. Wannan karon na ce zan toshe duk wata kafa, ba zai samu inda zai ɓata mini ba.

"Ka ɓoye ta inda Inna ba za ta gani ba. Ka tuna abu huɗun da gardi ya faɗa?"

"Ɗumi, duhu, ba a damunta, abinci ba ya yankewa."

"Madalla. Kuma kada ka gaya wa kowa inda take. Kowa. Ko an lallashe ka, ko an yi maka faɗa. Duk wanda ya ce maka na janye wannan magana, ƙarya yake yi."

"To."

Na koma ciki ina yaba wa kaina. Sai washegari, ina shirin zura ƙafa a takalmi, tunani ya zo mini cewa ni ma ban san inda take ba. Na same shi yana gyaran igiya.

"Yaya, a ina ka sa ta?"

"Ka ce kada in gaya wa kowa."

"Ban da ni mana. Ni ne mai ita."

"Ba ka ce ban da kai ba."

"To yanzu na ce. Na janye maganar."

Ya ɗago ya dube ni da tausayi. "Hashimu, ka ce duk wanda ya faɗi haka ƙarya yake yi."

Mako bakwai na yi cikin wannan hali. Kafin in sa takalmi sai na kakkaɓe shi da sanda. Hula na daina sawa. In zan ci tuwo kan turmi nake hawa in naɗe ƙafafu. Igiyar guga ta taɓa mini dunduniya a bakin rijiya, na watsar da bokiti na yi ta kaina. Na bi Yaya a ɓoye ko zan ga inda yake zuwa, ban ga komai ba sai wani kasko da yake cikawa da ruwa a gindin rumbu, na ɗauka na kazar nan ne. Na roƙi Talle ta bugi cikinsa, ta ce ai ita ma kowa ce. A teburin mai shayi kuwa in aka tambaye ni lafiyar mesa sai in ce tana nan ƙalau, ana ta sabo. Na rame har wandona ya fara zamewa.

Ina cikin wannan wauta tawa abin da ya fi ta nauyi ya faru. Sharar da Inna ke yi a ƙarƙashin rumbu ta fara raguwa. Wata safiya ta zo da tsintsiya ta tarar da wurin fes, ba ƙaiƙayi, ba kashin ɓera. Ta kara kunne a jikin rumbun, shiru. Ta ajiye tsintsiyar ta zauna a ƙasa, ita da ba ta zama a ƙasa saboda gwiwa.

"Sun gama," in ji ta. "Ɓera ba ya barin wuri sai ya ƙare abin da ke ciki."

Na ce mu buɗe mu gani. Ta ce a'a. In ma babu komai, ranar da ubanmu ya ce a buɗe, ranar za a buɗe. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar ta daina aikena. Abin da kakana ya riƙe, ubana ya riƙe, a hannuna ya salwanta, ina can ina neman a ce na iya kiwon maciji. Na tsani kaina a kwanakin nan, kuma na cancanta.

Wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauka har ƙasa ta jiƙu kamu ɗaya. Da safe gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, kowa ya fito da sungumi ya nufi gona. Mu muka taru a gindin rumbu kamar masu zaman makoki. Inna ta ce da ni, "Kai aka ba amana. Hau ka buɗe." Na jingina tsani, na hau, na ture jinkar da ke rufe da bakin, na leƙa. Da farko duhu ne. Da idona ya saba sai na ga zangarniyoyin gero a jere yadda aka shirya su tun kaka. An ci na gefen rami, amma fiye da rabi na nan ba abin da ya taɓa su. Na buɗe baki zan yi wa Inna albishir, sai na ga wani gammo a tsakiyarsu, mai baƙi da ruwan zuma, ya ninka kaurin da na sani. Gammon ya zaro kai ya dube ni.

Ban sauko ta tsani ba. A cikin taɓo aka tsince ni, rigingine.

Yaya Nomau ya hau a natse, ya zura hannu ya ɗauko ta, ta naɗe masa hannu kamar jiya suka rabu. Da ɗaya hannun ya fara miƙo wa Talle zangarniya, tana karɓa tana hamdala, kwando ya cika aka kawo wani. Ni ina zaune cikin laka na ce, "Yaya, rumbun Baba ka buɗe?"

"Ban buɗe ba. An ce ba a buɗewa. Ta ramin ɓera na nuna mata, ta shiga da kanta." Sannan ya ƙara, "Na duba ko'ina a gidan nan. Nan ne kaɗai da ɗumi, da duhu, ba a damunta, abinci ba ya yankewa." Ya juyo gare ni da damuwa a fuskarsa. "Amma ba ni na gaya maka ba. Kai ka gani."

Inna ta matso kusa da kwandon. Ta ɗauki zangarniya ɗaya ta murza a tafin hannunta, ta hura, ta daɗe tana kallon ƙwayoyin. Ta kalli mesar da ta ce kada ta ƙara gani, ta kawar da kai kamar ba ta gan ta ba. Ta shiga ɗaki ta fito da sungumin Baba. Tun rasuwarsa ni nake saran shuka da shi, don ni ne mai ilimin gida, Yaya yana bina a baya yana zuba iri. Na tashi na goge hannu a wando na miƙa.

Ta wuce ni. Ta je har gaban ɗanta na fari, wanda shekara talatin da biyar ba ta kalli tsabar idonsa ba, ta sa masa ƙotar a hannu da kanta. Ba ta kira sunansa ba, wannan kam ba za ta taɓa yi ba. Amma shi ta yi wa magana, ba ni ba.

"Ka shiga gaba," ta ce.

Yaya ya mai da mesar cikin rumbu, ya saɓa sungumi, muka kama hanyar gona. A bakin kunyar farko ya tsaya ya ba ni ƙwaryar iri.

"Baba ya ce da yatsu uku ake ɗiba. A zuba, a rufe da dunduniya, kada a danna."

Na san wata hanyar da na gani a waya, har ta zo mini bakin harshe. Na haɗiye ta. Ya shiga gaba yana sara, ni ina bin sawunsa ina ɗiba da yatsu uku, ina rufewa da dunduniya, ban danna ba, har muka kai ƙarshen gona.